Hudar da Tsoho Pu Ya Ƙara

A gidan shayin bakin gada, a Suzhou, mabusa da makaɗa ne kawai ke zama a teburin tsakiya. Sauran jama'a bango suke jingina da shi. Tun yana saurayi Pu Agen yake a teburin nan, da sarewarsa ta dizi, wadda ake riƙewa a gicciye.

Ita dizi tana da huda guda da ba a ɗora mata yatsa. Tantanin cikin karan rafi ake liƙa mata da ruwan tafarnuwa, shi ke rawa ya ba ta murya mai kaifi. Kusa da Pu kuwa amininsa Miao Jinfa ke zama da xiao, doguwar gora da ake busawa a tsaye, ba tantani, muryarta ƙasa-ƙasa kamar kurciya a nesa.

"Yaya Miao, busa kake ko gyangyaɗi?" Pu kan ce.

"Kai kuma kana wari kamar ɗakin girki."

Da tsufa ya zo, ta kafaɗar dama ya kama Pu. Hannu ya ƙi ɗaguwa, dizi ta gagara. Ranar da ya ga mai shayi ya ajiye masa kofi a jikin bango, bai ko taɓa shi ba.

Miao ya bi shi gida da xiao ɗinsa mafi kyau. "Karɓi. Wannan ba ta son ɗaga hannu. Sai dai ka koyi magana a hankali, abin da ka kasa tun haihuwarka."

Pu ya gwada. Yatsu sun yarda, amma muryar ba tasa ba ce. Sai ya ɗauko abin huda.

Ranar da mabusa suka sake haɗuwa a gidan shayin, ya wuce bango, ya tsaya a bakin tebur. Miao ya shinshina, ya dubi gorar.

"Tafarnuwa! Tsohon banza, huda ka yi mini a xiao?"

"Ka ba ni ko ka ara mini?"

Bai jira amsa ba, ya busa. Muryar ta fito da zurfin xiao, tantani na rawa a samanta kamar hasken rana a kan ruwa. Masu goge suka saki baki.

"Wannan ba dizi ba, ba xiao ba," in ji Miao.

Pu ya sauke ta daga baki. "Pu ce."

Miao ya yi tsaki, ya ja kujerarsa gefe. "Mai shayi! Dawo da kofin mahaukacin nan."