Cokali a Kan Kwalba

Albam uku yayana da abokan kiɗansa suka fitar a duniya, kuma ba na jin akwai wanda ya saurare su kamar ni, don aikina ne. Bayan na bar makaranta a aji biyu na sakandare na taɓa faci, na taɓa kwandasta a motar Mararaba, na taɓa acaɓa har sai da na zubar da wata mata da buhun garinta a unguwar Yara. Daga ƙarshe na faɗa wani shagon kwafar kaset kusa da tashar Keffi. Nan ne kawai gindina ya zauna, wataƙila don ƙara ba ta yankewa a wurin.

Su uku ne. Yaya shi ke gita, shi ke waƙa. Mai ganga ɗan Eggon ne, ran Lahadi da safe a coci yake kiɗa. Mai bes, gitar nan mai kaurin murya, shi kuma malamin firamare ne, ɗan ƙabilar Mada, mutum mai sanyi, Malam muke ce masa. Irin kiɗan nan na Turawa suke yi da ake kira rok, amma da Hausa, kuma waƙoƙin ba na soyayya ba ne. Akwai ta akuyar da ta cinye takardar fili, akwai ta taransifomar unguwa da ta ƙone, akwai wata sukutum a kan gyambon ciki. In za su yi wasa sai su sa hular kwano irin ta leburori da rigar ruwa, ko da kuwa ana tsakiyar zafi. A unguwarmu ta Jigwada mahaukata ake ce musu. Innarmu ta ce ita dai kiɗan aljanu take ji.

Albam na farko a wani kango suka ɗauke shi a Angwan Iya. Suka kife turmi a tsakiyar ɗaki, suka ɗora rikoda a kai, suka toshe tagogi da katifu. In ka sa kaset ɗin, kafin komai za ka ji shuuu, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Akwai zakara a ciki. Akwai wata mata can nesa tana kwala wa ɗanta kira. Amma bes ɗin a cikinka kake jin sa, ganga kuma kamar a gabanka ake dukanta. A tsakiyar waƙar akuya Yaya yakan saki gita ya ɗauki cokali ya riƙa buga wata kwalbar lemo, tin, tin-tin, siriri can sama. Wurin nan na fi so a duk abin da suka taɓa yi.

Na biyu a situdiyo suka yi a Mararaba. Mai situdiyon ya wanke komai tas, ba shuuu, ba zakara. Har gangar ma ya cire, ya sa ta na'ura, wai ta fi tafiya daidai. Mai ganga ya wuni a kan benci yana ɓare gyaɗa. Sautin ya fita fes kamar ɗakin asibiti, ba abin da za ka ce ya lalace, ba kuma abin da zai sa ka maimaita. Shi ya fi fita a shagonmu, direbobi na son sa don ba ya wahalar da sifikar mota.

Kiɗa dai bai ciyar da kowa ba. Lokacin Abuja na cin tsakuwa kamar ba gobe, tifofi na wucewa a jere a kan titi, sai Yaya ya samu aiki a wani wurin fasa dutse a hanyar can. Kusa da injin niƙa aka ajiye shi, daga safe har yamma. Sai ƙarshen mako yake dawowa, girarsa fari fat da garin dutse. A hankali ya fara magana da ƙarfi. Rediyon Inna ya riƙa ƙure masa murya. In ka kira shi ta baya ba ya juyowa. Mu kuwa dariya muka mai da abin, muna cewa Yaya ya zama ɗan Abuja, sai an ce oga yake amsawa.

A cikin wannan halin ya yi na uku, a faifan sidi. Ya ari kwamfuta, ya ce wannan karon ba wanda zai taɓa masa sauti, shi zai haɗa da hannunsa. Ranar da ya kawo na sa a shago, kafin waƙar farko ta yi nisa na ji haƙorana sun mutu. Kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Duk wani siririn sauti ya ɗaga shi har ƙurya, gita na yanka, farantin ƙarfen nan na mai ganga na tsiwa, bes ɗin Malam ya ɓace a ƙarƙashi. Mai shago ya leƙo daga waje ya ce in cire kafin in fasa masa sifika. Yaya kuwa yana tsaye yana murmushi.

"Ka ji ko? Yanzu ne ake jin komai tas," ya ce.

Na yi zaton wani sabon haukan ne, irin na hular kwano.

Ana nan sai Malam ya zo da labari. Wani ɗan garinsu manaja ne a wani lambun shaƙatawa a Abuja, yana neman masu kiɗan da za su riƙa yi masa wasa duk Asabar da Lahadi. Manajan ya ce a aiko masa albam ɗaya ya ji. In abin ya yiwu, Yaya zai bar dutse. Wannan kowa ya sani, har Inna da ba ta son kiɗan ta fara tambayar yaushe za a aika.

Ran Asabar da hantsi suka taru a shagon don a zaɓa. Yaya ya ajiye sidinsa a kan tebur, ya ce ai ba wata magana.

"Yaya, wannan ba zai yi ba," na ce.

"Me ka ce?"

Na ɗaga murya. "Na ce ba zai yi ba. Yana yanka kunne."

"Kai ɗan faci, yaushe ka san sauti? Iskar taya ka sani."

Mai ganga ya yi dariya, amma bai ɗago kai ba. Malam ya ce to a sa duka ukun a jere, kowa ya ji. Na sa na uku, muka daure. Na sa na biyu, Yaya ya taɓe baki ya ce wannan ai gawa ce an yi mata wanka. A nan dai ban musa masa ba. Sai na ɗauko na farko, na juya shi da biro zuwa waƙar akuya, na danna.

Bai daɗe ba ya ɓata fuska. "Wannan kamar an lulluɓe sifika da bargo. Haka muka yi shi?"

Aka zo wurin kwalba. Tin, tin-tin. Mai ganga har yana kaɗa ƙafa. Yaya ya matso da kansa kusa da sifika, ya jira, ya jira, sai ya juyo kaina.

"Ina kwalbata? Ka kwafe min kaset ka yanke kwalbar?"

"Ga ta nan tana yi, Yaya."

"Ƙarya kake. Kan rikodarka ne ya yi datti."

Shi da kansa ya buɗe rikodar, ya dangwali sifirit da auduga ya goge kan, ya hura, ya mayar da kaset baya. Aka sake zuwa wurin. Kwalbar ta fito ma fiye da ɗazu. Ya dubi mai ganga. Mai ganga ya ce, a Hausarsa ta coci, "Ɗan'uwa, yana nan. Ina jin shi." Ya dubi Malam. Malam ya gyaɗa kai kawai.

Yaya ya sa ɗan yatsa a kunnen dama ya girgiza, ya sa a na hagu. Ya tsaya yana kallon sifikar har waƙar ta ƙare. Daga nan ya ɗauki sidinsa ya sa a aljihu, ya ce mu aika wanda muka ga dama, ya fita. Ta ƙofar shago na hango shi yana tsallaka titi, wani ɗan acaɓa na danna masa ham a baya, bai ko waiga ba.

Na farkon muka aika. Manaja ya ce ya so shi, har zakaran, su zo ran Lahadi da la'asar su gwada.

A mota na roƙi Yaya ya bar ni in riƙe masa amfilifaya, shi ya ji da gita kawai. Ya ce to. Na saita komai daidai kafin su hau. Wurin cike yake da ma'aikata da matansu da yara, ana gasa kifi. Da suka fito da hular kwano da rigar ruwa mutane suka yi ta tafi, ana dariya. Waƙar farko ta fara lafiya. Sai na ga Yaya yana waige, yana yi min alama da hannu in ƙara. Na ƙara kaɗan. Ya sake yi. Na girgiza kai. Sai ya tako da gitarsa a wuya, ya ture hannuna, ya murɗa maɓallin siririn sauti har ƙarshe.

Yara suka fara toshe kunne. Mata suka kwashi faranti suka koma teburan baya. In ya juya baya na rage, in ya ji abin ya dushe masa ya dawo ya ƙara. Ga shi kuma ba ya jin ƙaramin farantin da mai ganga ke riƙe musu tafiya da shi, sai ya riƙa shiga a makare, Malam na bin sa, mai ganga na jan su. Idonsa a rufe, yana zuba waƙar taransifoma da duk ƙarfinsa, bai san rabin wurin ya watse ba.

Manaja bai yi wulaƙanci ba. Ya ba su abinci, ya ja Malam gefe. Ina kusa ina naɗe waya, na ji ya ce ganga da bes sun yi masa, in za su samo wani mai gita su dawo mako mai zuwa. Yaya na zaune bai fi taku kaɗan ba, yana cin kifi, bai ji ba. A hanyar dawowa, wajen Masaka, Malam ya faɗa masa a kunne da ƙarfi, duk motar na ji. Yaya ya ce su je mana, mai ganga na da yara. Suka je. Wani yaro ɗan cocin mai ganga ya karɓi gita. Ba su sa hular kwano ba, kuma na ji an ce waƙoƙin biki suke yi yanzu.

Inna ta matsa sai da Yaya ya je asibiti. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a ceci saura, kuma cetonsa shi ne ya bar wurin ƙara. Ran Litinin ya hau tifa ya koma dutse, don ba wani aikin. Na saya masa ɗan soson nan da ake cusawa a kunne. Ɗaya kawai yake sawa. Ya ce in ya toshe duka biyun ba zai ji ihun da ake yi kafin a tashi nakiya ba.

Albam na ukun ba wanda ya taɓa saya. Ni nakan sa shi wani lokaci in ba kowa a shago, a hankali, don shi ne kaɗai ya nuna min inda kunnen Yaya ya tsaya a lokacin. Ba na iya kai shi ƙarshe.

Yaya kuwa ya koma zuwa shagon duk Asabar da rana, da garin dutse a wuyan riga. Ba ya doguwar gaisuwa. Zai zauna a benci ya ce in sa na farko, waƙar akuya.

"In kwalbar ta shigo ka taɓa ni," ya ce ranar farko.

Sai in zauna gefensa, in ta shigo in riƙa buga masa yatsa a gwiwa, tin, tin-tin. Wani lokaci ya ce ina sauri, ɗan faci kawai, ba haka ya buga ba. Muka yi ta haka har damina ta wuce, wata daminar ta zo. Mai shago ya daina kawo kaset, kowa ya koma sa waƙa a waya, amma na ɓoye rikoda ɗaya a ƙarƙashin tebur saboda shi.

Wata Asabar na sa masa kamar kullum. Shuuu ɗin ya wuce, ganga ta shiga, bes ya shiga, gita ta shiga. Yaya na zaune ya dafa gwiwoyinsa, yana kallon kaset na juyawa. Can sai ya karkato, da muryar nan tasa mai ƙarfi.

"In gitar ta shigo ma ka taɓa ni."