Goron da Lauya Bai Karɓa Ba

Shekarun baya can, lokacin da Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, wani lauya ya buɗe ofis a Jega, ya ce yana neman akawu wanda ya iya tafireta da fassara. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune a Karaye, ina taya mahaifina ban ruwan albasa, ina jin kaina wani babban ɗan boko. Na sa rai da aikin nan sosai.

Matsalar ita ce mahaifina. A wurinsa lauya mutum ne da ake biya ya mai da ƙarya gaskiya, kuma ba zan karɓi aikin da bai sa wa albarka ba. Mahaifiyata ta yi ta lallashinsa har ya ce to, amma da shi za a je. Haka ya yi wa yayana da zai koyi fawa, ya kama hannunsa ya kai shi gun maigida da goro, ya ce ga amana. Na yi bayani har na gaji cewa aikin ofis ba haka yake ba. Ya ce ɗa dai ɗa ne.

Muka isa muka tarar da masu neman aikin jere a kan benci, wasu daga Aliero, wasu daga Birnin Kebbi, har da mai laktaye. Ni kaɗai na zo da uba, uban kuma riƙe da ƙullin goro. Na ga ana ƙunshe dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kira ni, ya riga ni miƙewa. Masinja ya ce mai neman aiki kaɗai ke shiga, shi kuwa ya ce ai shi ya kawo ni. Lauyan ya jiyo su daga ciki, ya ce a bar mu. Mahaifina ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, sai lauyan ya baro kujerarsa ya durƙusa suka gaisa. Ni aka kira a yi wa tambayoyi, amma mahaifina ne ya fara.

"Ranka shi daɗe, in mutum yaz zo yac ce maka shi yac ci gonar marayu, kana sa yaron ga shi rubuta ba shi yac ci ba?"

Lauyan ya dube shi ya ce:

"Baba, ba ni ce maka duk wanda nika tsaya ma mai gaskiya na. Akwai masu laihi, aikina in ga ba a zalunce su ba wurin hukunci. Amma ƙaryar da nas sani, ba ni hwaɗinta gaban alƙali, ba ni kuma sa shi rubuta ta."

Mahaifina ya jinjina kai, ya tura goron gabansa. Lauyan bai taɓa ba. Ya ce a yi masa haƙuri, waɗanda ke waje su ma 'ya'yan mutane ne, kuma bai gwada kowa ba tukuna. Idan ya karɓi amana yanzu, ya zalunce su. Mahaifina ya ɗauki goronsa ya fita.

Na zauna gaban tafireta, na buga abin da aka karanta mini, na fassara wata takardar ƙara. A raina na gama yanke cewa tsohon nan ya ɓata mini komai. Na fito na same shi a waje, muka shiga mota. Sai da muka sauka Maiyama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in mutumin nan ya kira ni in je, ya amince.

An kira ni kuwa. Mahaifina ya ce zai koma da goron da kansa, sai ciwo ya kwantar da shi. Kullum na zo gida sai ya tambaye ni ko maigidana na jin daɗin aikina, ya ce in ya samu sauƙi zai je. Bai tashi ba.

Muna zaman makoki sai ga lauyan. Ya yi gaisuwa, ya juya wurin yayana.

"Baba ya kawo mini amana, nic ce shi dakata. Yau na taho in ce na amsa."

Yayana ya ɗauki goro ɗaya daga farantin da ke gabanmu ya miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Na daɗe a ofishin nan, har ta kai ni ke zama da masu neman aiki. A da na ɗauka ma'aikaci kaɗai ake gwadawa, mahaifina ya nuna mini maigida ma ana gwada shi. Har yau in na tuna kunyar da na ji a kan bencin nan sai zuciyata ta yi nauyi. Duk waɗanda suka yi dariya ran nan su kaɗai suka zo. Ni ne aka rako.