Gwiwar Baba da Ruwan Hot Springs

Muna sallame sallar asuba muka bar garin Greensboro na Amurka a mota, Baba a gidan gaba, jarkokinsa a but. Baba dattijon masallacinmu ne, mutumin Agadas. Ciwon gwiwa ya mayar da sallarsa kan kujera, abin kuwa yana cin ransa. Da ya ji garin Hot Springs na da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, irin na Tafadek can gida, ya ce ko mu kai shi ko ya hau bas. Babu bas mai zuwa can, amma wa zai faɗa masa?

Bayan garin Asheville hanya ta shiga murɗewa kamar igiyar guga. Muka sha mai da tsadar da ta sa direbanmu salati, muka rarrashe shi da kilishi.

Garin kusan layi ɗaya ne, tarihinsa ya fi shi tsawo. Da can attajirai ke zuwa a jirgin ƙasa su jiƙa sanyin ƙashinsu a wani katafaren otal. A yaƙin duniya na ɗaya aka tsare Jamusawa ma'aikatan jiragen ruwa a filinsa. Wata tsohuwa mai shagon tsaraba ta nuna mana hotuna: da tarkacen itace da gwangwanaye fursunonin suka gina ƙauye guda, har da ɗan coci mai hasumiya. Otal ya ƙone tuni, ƙauyen ma babu shi.

Baba ya daɗe a kan hoton cocin. "Malam, waɗannan sun san abin da muka sani. Mu ma ai a shagon faci muka fara jam'i."

Da muka isa wurin wankan, ya shiga bahon ruwan zafin da dogon wandonsa da hularsa, sannan ya cika jarkokin, tsarabar Hajiyoyin unguwa. Na ce, "Baba, kafin mu kai gida ruwan ya huce."

"Albarka ba ta hucewa, sarkin boko."

La'asar ta same mu a bakin kogi. Na buɗe masa kujerarsa, ya ture ta da ƙafa. A hankali, yana nishi, goshin Baba ya taɓa ƙasa. Sujadar ta yi tsawo har na fara tunanin asibiti. Allah ya taimake mu matafiya ne, raka'a biyu ce. Bayan sallama ni da direba muka ɗaga shi, yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Mun iso gida bayan magariba. Ranar Juma'a kujerar ta koma sahu, amma mai ita ya hau ta kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Ni dai abin da na ƙaru da shi ke nan: baƙo, a tsare yake ko a sake, abin da yake fara nema shi ne inda zai ɗora goshinsa.