Shafin da Ban Karanta Musu Ba

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin akawu, ba zan manta da ranar da na je Runka neman sa hannun mutum ɗaya ba. Yanzu gashina ya yi fari, karatu ma sai da tabarau, amma wannan tafiya tana nan daram a raina.

Ni mutumin Batsari ne. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, tun ba a yi mana jiha tamu ba, na samu aiki a wata cibiyar binciken cututtuka a birni. Cibiyar ta samu tallafi daga wata hukuma ta ƙasar waje domin horar da matasa aikin bincike, wato ɗibar jini da fitsari, da duba su a madubin likita don gane ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta tsargiya, da rubuta abin da aka gani yadda wani zai iya bi ya tabbatar. Irin wannan tallafi ba mutum ake ba ba, cibiya ake ba, ita kuma ta zaɓi ɗalibanta. Gurbi huɗu aka ba mu, horon kuma shekara biyu ne. Likitan da ke shugabantar shirin shi ke koyarwa, ni kuwa duk wata takarda a hannuna take.

Tare da tallafin aka aiko da littafin ƙa'idoji mai koren bango, an cika shi da Turanci mai ƙananan haruffa. Kwafi ɗaya ne tak, kuma a durowata yake kwana. Ranar da ɗalibai suka iso Likita ya ce in zaunar da su in bayyana musu abin da ke ciki da Hausa. Na kuwa yi, har da gyaran murya. Na gaya musu cewa ba a haɗa horon da wani aiki, kowace safiya sai an sa hannu a rajista, duk wata uku sai an rubuta rahoto, ba a musanya ɗalibi da wani sai da izinin masu tallafi, kuma duk wanda zai bar shirin, ya gama ko bai gama ba, sai ya sa hannu a fom ɗin sallama.

Shafi ɗaya na tsallake, kuma da gangan. Shafin ya ce ɗalibin da larura ta same shi, kamar rashin lafiyarsa ko ta iyayensa, yana iya neman hutu a rubuce har na wata shida, gurbinsa na jiransa. Da na karanta sai na yi murmushi, na ce waɗanda suka rubuta wannan ba su san mu ba. Dukkan ɗaliban nan 'ya'yan manoma ne. Ruwan farko na sauka kowa zai tuna yana da kaka mai ciwon ƙafa, a bar mu da kujeru. Na rufe littafin ina ganin na yi wa shirin gata. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin halin mutanenmu.

Cikin huɗun nan akwai ɗan Runka, daga gidan Fulani masu kiwo da noma. Ya taɓa aiki a ɗakin shan magani na Safana, kuma ni na kai takardarsa da hannuna, don haka nake kallonsa kamar ƙanena. Mutum ne marar yawan magana, mai kunya har ta yi yawa. Amma in ya sa ido a madubi, abin da sauran za su yi rabin awa suna nema shi kafin ka juya ya gano. Likita ba mai yabo ba ne, amma na ji shi da kunnena yana cewa wannan in ya gama sai an tura shi ƙaro karatu.

A daminar shekararsa ta biyu ya shigo ofishina wata safiya. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Batsari, sannan ya tsaya yana murza hula. Da ƙyar ya ce an aiko mahaifinsa na kwance, shi ne babban ɗa, ga shanu ga gona. Ya tambaya ko akwai wata hanya da mutum zai je ya dawo. Ni kuwa ina buga tafireta, ko kai ban ɗaga ba. A raina na ce ga shi an fara.

"Babu," na ce masa. "A shirin nan wanda ya tafi ya tafi ke nan."

Ya ce to, ya gode, ya fita. Bayan kwana biyu aka tarar da farar rigarsa ta aiki a ninke a kan gado, makullin ɗaki a samanta. Bai yi wa kowa sallama ba. Likita ya ji zafin abin ƙwarai, ni ma na taya shi faɗa, har ina cewa dama mutanen daji ba sa zama wuri ɗaya.

Bayan shekara guda da 'yan watanni lokacin neman sabunta tallafi ya zo. Ƙa'ida ta ce sai an jera sunan duk wanda ya taɓa shiga shirin, a faɗi inda yake da abin da yake yi, a haɗa da fom ɗin sallamarsa mai sa hannunsa. In suna ɗaya ya ɓace, ko fom ɗaya babu, mayar da takardun za a yi ba tare da an karanta ba. Abin da aka rubuta a gaban sunan mutum kuma zai bi shi, domin wanda aka ce ya tafi ba izini ba za a sake ɗaukarsa a wani horo nasu ba. Uku sun gama, fom ɗinsu na hannu. Saura ɗan Runka, kuma kwana goma suka rage a kai takardu gidan waya.

Na so in yi 'yar dabara. Na buga a gaban sunansa cewa yana aikin lafiya a yankin Safana, na kai wa Likita. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ko na gan shi da idona. Na ce a'a. Ya tambaya ina sa hannun. Ya miƙo mini takardar ya ce in tafi in nemo shi, abin da na tarar shi za a rubuta.

Na hau mota zuwa Katsina, daga nan na bi a-kori-kura zuwa Batsari, na kwana gida. Da safe na ari babur ɗin yayana na bi ta Safana na nufi Runka. Kaka ce, an fara yankan gero, ƙanshin ɗanyar gyaɗa ko'ina. A wancan zamani mutum kan ratsa dajin nan shi kaɗai, abin tsoronsa bai wuce tayar babur ta yi faci ba. 'Ya'yana in na ba su labari yanzu gani suke ƙari nake yi. Duk tsawon hanyar nan faɗa nake shiryawa a raina, yadda zan ce masa ya kunyata ni, ya watsa mini ƙasa a ido.

A bakin kasuwar Runka wani mai shayi ya kwatanta mini rugarsu, ya kuma gaya mini cewa mahaifin nasa ya rasu tun bara. Rabin faɗan nan ya zube a nan.

Na same shi a tsugunne yana cire wa wata saniya kaska. Ya rame, ya yi duhu. Da ya gan ni sai ya miƙe ya riƙe mini babur, ya kasa haɗa ido da ni. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata kanya. Na yi masa gaisuwar rasuwa, muka yi wa mamaci addu'a, mahaifiyarsa ta aiko da fura da nono a ƙwarya, ta gaishe ni daga bayan zana. Sai da muka sha ya tambayi Likita, murya ƙasa-ƙasa.

Kafin in fito da abin da ya kawo ni ya shiga ɗaki ya ɗauko wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya ja layuka da biro daidai yadda Likita ya koya musu. A ciki ya rubuta gidajen da ake fitsarin jini a Runka da rugagen kewaye, da tafkin da kowane gida ke wanka da ɗibar ruwa, wata bayan wata. Ba shi da madubi, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai karanta. Ya ce hannu ne ya saba. Ya roƙe ni in kai wa Likita ko zai yi masa amfani, amma kada in ce daga wurinsa ne.

Na fito da fom na miƙa masa, na nuna masa inda zai sa hannu. Na manta cewa mutumin nan ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. A fom ɗin akwai dalilai huɗu na barin shiri, mutum ya zaɓi ɗaya: ya gama, ya koma wata cibiya, ya ɗauki hutun larura bai dawo ba, ko ya tafi ba izini. Na ga yatsansa ya tsaya a kan na uku.

"Malam, wanga hutun larura, mi ake nufi da shi?"

Ina iya ce masa na manyan ma'aikata ne, kuma na san zai yarda. Amma ga littafinsa a kan cinyata, ga furar uwarsa a cikina. Na gaya masa gaskiya duka. Na ce akwai shafin da ban karanta musu ba, na faɗi dalilina, na ce ranar da ya zo ofishina hanya tana nan, ni na ce masa babu.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi shanun, ya ce, "Wata nawa suka ce?"

Na ce shida.

Ya shiga lanƙwasa yatsu. Ya ce mahaifinsa mako bakwai ya yi bayan zuwansa ya rasu. Aka yi sadakar arba'in, aka cire amfanin gona. A lokacin baffansa ya ce a haɗa shanun da nasa shi ya koma karatu, amma ya ce wa baffan ƙofa ta rufe, kuma ba shi da idon da zai dubi Likita bayan ya tafi ba sallama.

"Ashe da na komo da sauran wata biyu," in ji shi.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya karɓi biro ya yi alama a kan na huɗu, ya ce shi ne abin da ya faru, ya sa hannu. Da zan tafi ya ɗaura mini man shanu a bayan babur, ya raka ni har bakin hanya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kafin nan ko bayan nan.

Da na koma na ajiye wa Likita fom da littafin, na gaya masa na wane ne, na kuma faɗi abin da na yi. Ya juya shafukan littafin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa na buga wasiƙa da hannuna zuwa ga masu tallafi, in bayyana cewa ɗalibin ya nemi hanya akawu ya hana shi, in sa hannu a ƙasa. Na ɗauka aikina ya ƙare. Bai ƙare ba, amma Likita ya yi wata guda ba ya amsa mini gaisuwa sai da kai.

Amsa ta zo bayan wata huɗu. An sabunta tallafin, da sharaɗin a fassara ƙa'idojin a ba kowane ɗalibi kwafinsa. An goge kalmar tafiya ba izini daga gaban sunansa. Gurbinsa dai ya wuce, amma suka ce yana iya nema sabo. Na sake hawa babur na kai masa labari da kaina. Na tarar baffan ya yi ƙaura da shanunsa zuwa kudu, shi kuma ya yi aure, ga ƙanne, ga uwa. Ya yi godiya, ya ce yanzu kam ba wanda zai bar wa gida.

Sauran ukun duk sun zama manya a aikin lafiya, ɗaya har ya shugabanci ɗakin gwaji na babban asibiti. Dukkansu sun san wanda ya fi su ido. Shi kuwa a Runka ya tsufa yana kiwo.

Na yi shekara ashirin da wani abu bayan nan ina riƙe da takardun tallafi iri-iri. Duk ɗaliban da suka zo sai na karanta musu ƙa'idoji daga bango zuwa bango, shafin hutun nan kuwa sau biyu nake karanta shi, har suna yi mini tsiya wai na fi son su tafi. Abin da na koya shi ne, wanda aka ba ƙa'ida ya isar, ba shi da ikon zaɓar wadda mutane suka cancanci su sani, ko da yana ganin gyara yake yi. A duk shekarun nan mutum biyu ne kawai suka nemi hutun, kuma dukkansu sun dawo kafin lokaci ya cika.