Inda Ruwan Rariyarmu Ya Tafi

Jama'a, ku ji abin da ya faru a gidanmu!

Rariyar gidanmu ta sake toshewa, karo na uku a daminar nan. Na zura sanda ina zungura. Sai ƙasa ta burma, ruwan ya shige gaba ɗaya!

Na leƙa bayan katanga, ko ɗigo bai fito ba.

Baba ya ce, "To ina ya tafi?"

Kakarmu Inna ta daina tsintar wake. Ta ce, "Akwai tsohuwar rijiya a nan. Da shara aka cike ta, aka gina ɗakina a kai."

Muka duba bangon ɗakin, ya tsage har sama! Ga hadari ya haɗo.

Baba ya ce, "Inna, a kwashe kayanki yanzu."

Ta ce ba inda za ta.