Kalmar da Ta Zaunar da Ni a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaga ƙarfe a wata warsha a unguwar Alshajara, inda muke ƙera ƙofofi da tagogi. A farkon mulkin soja, lokacin dogon layin burodi, numfashina ya fara yankewa. Sau biyu ina faɗuwa da ƙarfe a kafaɗa. Likita ya auna ƙirjina, ya yi rubutu da Turanci, ya ce in kai wa mai warsha.

Ban kai ba. Ni ko Larabci da ƙyar nake haɗa baƙi, kuma ba na miƙa takardar da ban san cikinta ba ga mutumin da abincina ke hannunsa. Matata ta rasu, 'ya'yana suna Saudiyya, ba wanda zan nuna wa. Ranar Juma'a na hau mota daga unguwarmu Kalakla zuwa Umdurman, masallacin da ɗaliban Najeriya ke zuwa.

Bayan salla na tare wani ɗalibi mai gemu. Ya gaishe ni da Hausar Kano, har da ina gajiya. Na ce ba gajiya. Haka aka koya mana, ko kana mutuwa ne. Na ma daɗe ban ji wanda ya tambaye ni ba.

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya dube ni, ya ɗora yatsa kan wata kalma, wai igzos. Ya ce ba gajiyar da ake barci a tashi garau ba ce. Turawa na faɗinta idan abu ya tatse mutum har ba sauran ƙarfi a jikinsa. Sai su ce doguwar tafiya ta yi masa haka, ko zazzaɓi, ko jinyar mara lafiya. A nan kuwa, likita ya ce ɗaga ƙarfe da zafin wuta ne ke yi mini.

Na ce, "To in mai warsha ya karanta, me zai gane?"

Ya ce, "Baba, zai gane aikin ya fi ƙarfinka. In ka ɓoye masa kuma, ƙirjin ba zai ɓoye ba."

Na ce masa shi bai taɓa neman aiki da furfura a kai ba. Ya yi murmushi, ya ce wannan gaskiya ne.

Kwana huɗu takardar na aljihuna ina ɗaga ƙarfe. A kwana na biyar hannuna ya ƙi ɗaga guduma, na miƙa takardar. Mai warsha ya karanta a tsaye. Bai kore ni ba. Ya sa aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa, in riƙa buɗe wa motoci.

Numfashin ya dawo, ba zan yi ƙarya ba. Amma da hantsi, idan ma'aikata sun kewaye kwanon dafaffen waken ful a can ciki, dole wani ya tsare ƙofa. Nawa a faranti ake miƙo mini. Ina jin dariyarsu, ba na jin abin da aka ce.