Malam Ina-Jigo

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, sunan kuma ya bi shi har bayan ya yi ritaya. Bai taɓa jin haushinsa ba, hasali ma daɗinsa yake ji. Duk tsawon aikinsa a makarantar sakandare darasi ɗaya ya fi ƙauna. Zai cika allo da sakin layi, ya juyo yana kakkaɓe alli daga hannun rigarsa, ya dubi aji ta saman tabarau ya ce, "To, ina jigon?" A wurinsa kowane sakin layi magana ɗaya ya zo faɗi, sauran jimlolin 'yan rakiya ne, aikinsu kawai su tallafa mata. Yaron da ya ja layi ƙarƙashin ɗan rakiya ya bar jigo, ranar sai ya gwammace bai zo makaranta ba. Malam ba ya duka. Jan biro ne da kallo, kuma sun isa.

Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Matsalarsa ɗaya, bai san inda aji ya ƙare gida ya fara ba. Mai gyaran famfo zai fara bayanin yadda bututu ya tsage, sai Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Zai gyaru ko ba zai gyaru ba?" 'Ya'yansa kuwa sun taso sun san in za ka nemi abu wurin Baba, to tun daga bakin ƙofa za ka shirya jimlarka.

Sai Allah ya haɗa shi da mace mai zance ta kewaye. Umma, kamar yadda yaran ke kiranta, in za ta ce gishiri ya ƙare sai ta faro daga matar da ta gani a bakin shago, ta bi ta kan goyon da ke bayan matar, ta tsaya ta yi wa hular yaron tsokaci, can da kyar a iso ga gishiri. Malam yana karatun jarida zai ce, "Maman yara, ina jigon?" Lokacin da suke da ƙuruciya dariya take yi, ta ce shi dai ba a zance da shi sai da takardar izini. Da shekaru suka ja, dariyar ta ragu, sai ta ce, "Ba komai, Malam," ta ɗauke kofin shayinsa.

A shekarar da nake ba ku labari yaran duk sun watse, Auta ma, ƙaramarsu, tana aiki a wani gari. Daga shi sai ita a hawa na biyu na wani tsohon bene.

Wata safiya ta ce, "Malam, takalmin nan da Auta ta saya mini, ka san mai igiyar nan, ban sani ba ko fatar ce ta shanye, da can har da safa nake sa shi, yanzu kuwa..."

"Jigon dai kina son sabon takalmi," in ji shi. Da yamma ya sayo mata wanda ya fi wancan girma.

Wata rana ta dawo daga kasuwa ta ce matakalar benen kamar an ƙara mata tsawo, ta tsaya a tsakiya ta huta, a nan ne ma ta lura maƙwabta sun yi wa ƙofarsu shuɗin fenti, ba irin shuɗin nan mai duhu ba. Malam ya gane jigon nan take, ya kira mai fenti ya shafe tasu ƙofar. Da ta ce ta ɗauko matashin kai daga ɗakin yara ta ƙara a kan nata don kwanciya miƙe ba ta yi mata daɗi, ya sayo mata sabo mai laushi. Da ta ce sai da sabulu ta cire zobenta, ya ce ƙiba ce ta hutu. Da tari ya zo, ya kawo maganin tari. Kowace magana ya yi mata maganinta, ya rufe, ya koma jaridarsa. Har a ransa yana yaba wa kansa, yana cewa mazan yanzu ba su san kula da iyali ba.

Ranar da abin ya faru tana shanya ne a baranda. Ta kifa bokiti ta zauna a kai don ta huta, tashi ya gagara. Maƙwabciyarsu mai shuɗiyar ƙofa ce ta taimaka masa suka sauko da ita, aka kai ta asibiti. Kafin la'asar Auta ta iso asibiti, ko jakarta ba ta ajiye ba.

Likitar da ta duba ta yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗaliban da ya yaye ba. Ta jawo kujera ta ce, "Baba, ku ba ni labarin ciwon."

Malam ya gyara tabarau. "A taƙaice, likita, gajiya ce."

"Kada ku taƙaita mini. Komai nake so, ko da kuna ganin ba shi da amfani. Tun yaushe ƙafafunta suka fara kumbura?"

Sai ya kai idonsa ƙarshen gado, inda ƙafafun suka leƙo daga zanin rufa. Sun yi suntum, fatar tana sheƙi, idon sawu ya ɓace. Ƙafafun da ke wucewa ta gabansa kullum da tiren shayi ke nan, kuma wallahi sai ranar ya gan su.

"Tun kafin damina," in ji Auta a hankali. "Takalminta ne ya fara matse ta."

"Tana haki in ta hau bene?"

"Tana tsayawa a tsakiya ta huta."

"Tana iya kwanciya miƙe?"

"Sai ta tara matasan kai. Zobenta ma ta cire. Ga tari."

Duk amsoshin daga bakin Auta suka fito, yarinyar da sai dai ta ji muryar uwarta a waya. Likitar tana rubutu, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Gida ɗaya kuke da ita, Baba?" Ba da gatse ta tambaya ba, aikinta take yi, kuma hakan ya fi ciwo. Malam ya ce eh, muryarsa kamar ta yaron da aka kama bai yi aikin gida ba.

Likitar ta ce zuciya ce ta yi rauni, ruwa ya taru a jiki har ya kai huhu. Za a yi ƙoƙari. "Da tun lokacin takalmin nan aka kawo ta..." Ba ta ƙarasa ba, ta rufe fayil ta fita.

A barandar asibitin ya tare Auta. Kunya in ta rasa mafita faɗa take komawa, don haka ya ɗaure fuska ya ce, "Ke da kika san duk wannan, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ce mata ta gaya maka, Baba. Ta ce ta gaya maka." Auta ta sunkuyar da kai. "Na ce me ka ce, ta ce ka sayo takalmi."

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne darasin ƙarshen zango, wanda ya fi alfahari da shi: sakin layin da ba a rubuta jigonsa ba ko a jimla ɗaya, sai mai karatu ya tattara 'yan rakiyan ya ga inda duk suke nunawa. Sau nawa ya tsaya gaban allo yana cika baki, yana cewa wanda ke jira a rubuta masa jigo ɓaro-ɓaro bai iya karatu ba, haruffa kawai ya sani? Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. A layin karɓar magani wani magidanci ya gane shi, ya washe baki yana kiran Malam Ina-Jigo, yana faɗa wa mutane wannan ne ya koya masa karatu. Malam ya amsa gaisuwar yana kallon ƙasa.

Da ya koma ɗakin an sa mata robar iska a hanci, an jingina ta da matasan kai. A ƙarƙashin gado ya ga sabon takalmin da ya sayo. An take bayansa an mai da shi silifas, ashe shi ma bai taɓa shiga ba.

Ya jawo kujera kusa da ita, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Maman yara," ya ce. "Ranar nan da kika tsaya a matakala, kika ga ƙofar maƙwabta. Ba ni labarin. Ki faro daga kasuwa, wa kika gani, me ya sa, me ya ce. Ba inda za ni."

Ta dube shi ta daɗe, kamar tana son ta tabbatar shi ne. Ta ɗan yi murmushi, ta ja numfashi, ƙirjinta yana ɗagawa da kyar.

"Jigon dai, Malam," ta ce, "na gaji."

"Kada ki taƙaita. Don Allah."

Ta lumshe ido. Ya zauna riƙe da yatsan da babu zobe, yana jiran sauran zancen, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.